Ɗakin Karyayyun Kujeru

A makarantar nan, duk ranar da aka ce baƙi za su zo daga ofishin ilimi, akwai aikin da ake yi tun kafin a kaɗa ƙararrawa, kuma ba a taɓa sa shi a jadawali ba. Rage aji ake ce masa. Kowane malami zai tsaya a bakin ƙofarsa ya ƙare wa yaransa kallo, sannan ya fara nuni da yatsa: kai, ke, kai, ke ma. Waɗanda aka nuna su ne waɗanda in baƙo ya ɗora yatsa a kan kalma ya ce su karanta, za su yi tsuru-tsuru. Sai su kwashi takalmansu a hannu, da yake dokar makarantar ce ba a shiga aji da takalmi, su bi baranda a jere har ƙarshenta, inda ɗakin karyayyun kujeru yake. Maigadi ya jawo ƙofa, ya jingina bencinsa a jikinta ya zauna. Sai baƙi sun tafi ake buɗewa.

Ɗakin ba shi da taga, sai wata 'yar kafa can sama kusa da kwano. Cike yake da kujeru masu ƙafa uku, da allunan da suka daina ɗaukar alli, da wata ƙwallon taswirar duniya da ta lotsa ta gefe guda. Warin ɓera yake yi da na tsohon katako. Kuma babu wanda yake ɗaukar abin a matsayin mugunta. Hedimasta rufin asiri yake kiransa, da zuciya ɗaya yake faɗa, abin da ya fi ban tsoro game da shi ke nan.

Malamar aji uku ta fi shekara a makarantar, amma har yanzu Sabuwa ake ce mata. Tana da takardar shaidar koyarwa, ba ta bogi ba. A kwaleji an koya mata sunayen masana da abin da kowannensu ya faɗa a kan ƙwaƙwalwar yaro, ta haddace, ta juye a jarrabawa, ta ci. Abin da ba wanda ya nuna mata shi ne yadda za ta yi da yarinyar da ke kallon harafi kamar tabo a bango. Saboda haka ta bi abin da ta tarar. Ta rubuta a allo, ta karanta, aji ya maimaita baki ɗaya har kwano ya amsa. Mai wucewa a titi zai rantse ilimi ake sha a ciki.

Cikin waɗanda take nunawa da yatsa duk ranar rage aji har da Ɗigo, 'yar yayarta. Yarinya ce 'yar firit, shi ya sa sunan ya bi ta, ga baki kamar rediyo. In ana karatun baki ɗaya muryarta ce a sama. Za ta karanta maka shafi guda ba tuntuɓe, idonta yana kan silin. Amma ka rufe layin farko da hannu ka nuna mata kalma ɗaya a tsakiya, sai ta dube ka ta yi murmushin neman afuwa.

Yaya tela ce, shagonta a zauren gidan da suke zaune tare. Ita ta cire Ɗigo daga wata makaranta ta dawo da ita nan, saboda a nan ƙanwarta take.

"Ga ta nan na damƙa miki," ta ce ranar, zare a bakinta. "Ni dai kafin shekarar nan ta ƙare, in ji ta karanta min saƙo a waya. Kada ki kawo min allon shagona a matsayin shaida, wannan tun tana goye ta haddace shi."

Sabuwa ta yi dariya ta ce an gama. Ɗigo kuwa ba ta taɓa yin zancen ɗakin karyayyun kujeru a gida ba. Ba wanda ya hana ta. A ganinta haka makaranta take.

Farkon zango na biyu aka tara malamai a ofishinsu, ƙarƙashin fankar da ba ta juyawa, aka gabatar musu da wata mata da ofishin ilimi ya turo don horar da malamai. Dattijuwa ce, tana jan ƙafa kaɗan saboda ciwon gwiwa, ga tabarau mai kauri. Kafin ta gama gaisuwa an raɗa mata suna, Mai Tabarau.

"Ni ba sufeto ba ce," ta ce. "Shekaru na yi ina riƙe da alli kamar ku. An turo ni ne in ga inda aikin yake ba ku wuya. Makarantun da aka ba ni da yawa, ni kuma ni kaɗai ce. Zan zagaya in dudduba, inda na ga an fi buƙatata can zan tare zango guda, in riƙa shiga aji tare da malami kullum har hannunsa ya faɗa. Abu ɗaya nake roƙo, ku bar ni in ga ajinku yadda yake."

Aka tafa mata. Motarta ba ta gama fita daga ƙofar makaranta ba Hedimasta ya rufe ƙofar ofis ya juyo.

"Kun ji zaƙin baki ko? Duk haka suke farawa. Wanda ya zo shekarun baya ma cewa ya yi shi ɗan'uwanmu ne. Malamin Lissafi ya yarda, ya buɗe masa cikinsa, ya ce rabin ajinsa ba su iya tarawa ba. Yanzu yana ina? Can inda mota ba ta zuwa in an yi ruwa."

Ba ƙarya ya yi ba. Kowa a ɗakin ya san kujerar da Malamin Lissafi yake zama, har yau ba mai son zama a kanta.

"Ranka ya daɗe," Sabuwa ta ce a hankali, "amma ita wannan taimako ta ce."

Hedimasta ya dube ta, ba da fushi ba, da irin kallon da uba yake yi wa 'yar da ke wasa a bakin rijiya.

"Sabuwa, har yanzu ba a tabbatar da ke a aiki ba. Ni saura ƙiris in yi ritaya. Ki bar mu mu rabu da juna lafiya."

Ranar da Mai Tabarau ta fara zuwa aji uku, an rage aji tun da sassafe. Darasin kuwa an sha maimaita shi har yaran sun san tambayar da ke biye kafin a yi ta. Hannuwa suka riƙa tashi kamar an ja su da igiya ɗaya. Mai Tabarau ta zauna can baya a kan kujerar yara, gwiwarta a miƙe. Hedimasta yana tsaye a bakin ƙofa.

Da aka gama, ta taso ta je wajen wata yarinya da ta ɗan yi inda-inda a kan kalma guda. Ta durƙusa da ƙyar, ta sa babban yatsa ta rufe kalmar, ta bar harafin farko kaɗai.

"Ba sunansa nake so ba," ta ce wa yarinyar. "Faɗa min kukan da yake yi."

Yarinyar ta faɗa. Yatsan ya matsa kaɗan, wani harafin ya fito. Ta faɗa. Ya sake matsawa. Sai ga kalmar ta fito daga bakin yarinyar da kanta, har ita ma ta yi mamaki ta rufe baki da hannu.

Sabuwa tana tsaye, alli a hannu, tana kallo. Shekarun da ta yi a kwaleji ba wanda ya taɓa durƙusawa ya nuna mata wannan.

"Somin-taɓi ne wannan," Mai Tabarau ta ce tana miƙewa. "Akwai tsarin da ake bi, wane sauti ne farko, wanne ke biye, da abin da za ki yi in yaro ya cije ya ƙi gaba. Sai an zauna tare ake koyonsa. Amma na ga ke naki ba su da wannan matsalar." Ta dubi ajin ta saman tabarau. "Su ke nan 'yan ajin?"

"Su ke nan," in ji Hedimasta daga ƙofa.

Da yamma Sabuwa ta jawo Ɗigo gefen keken ɗinki, ta ɗauko gwangwanin madara, ta rufe rubutun da yatsa ta bar harafin farko. Aka ɗan sha fama, sannan Ɗigo ta haɗa leɓe ta fitar da sautin. Yatsan ya matsa. "Ma," in ji Ɗigo, ta ɗago ido tana sheƙi. Yaya ta tsayar da keke tana saurare. Amma a harafi na gaba yarinyar ta cije. Sabuwa ta koma baya, ta sake, ta sake, ba ta san abin da ake yi a nan ba. Muryarta ta fara tashi. Ɗigo ta dubi hoton da ke jikin gwangwanin, ta mai da ido sama ta ce "madara" da muryar aji, ta yi murmushin nan nata. Yaya ta ci gaba da taka keke.

Sabuwa ta ji kamar an nuna mata bakin hanya ne aka kashe fitila. Sauran hanyar tana hannun matar nan mai ciwon gwiwa, kuma matar ba za ta zauna ba sai ta ga dalili.

Zuwa na biyu ya wuce kamar na farko. Sabuwa ta yi niyyar magana, ta ma shirya kalmomin, amma Hedimasta ya raka baƙuwa tun daga mota har mota. Da aka ce zuwa na gaba shi ne na ƙarshe, daga shi za a yanke inda za ta tare, sai wata dabara ta faɗo mata, irin ta mai tsoro. Ba za ta ce komai ba. Za ta bar abin ya faɗi kansa.

Da safen ta tsaya a ƙofa ta yi nuni da yatsa kamar kullum. Yaran suka sunkuya za su kwashi takalma.

"Ku bar su a nan," ta ce.

Ɗigo ta ɗago. "Anti, mu bar takalma?"

"Ku bar su."

Suka bi baranda ƙafa ba takalmi, suna ɗan ɗingisawa saboda simintin ya farfashe. Maigadi ya jawo ƙofa ya jingina benci. A bakin aji uku kuwa takalma suka yi tsibi, sun cika gaban ƙofa sun gangaro har kan matakala.

Mai Tabarau ta hawo matakalar a hankali, hannu a gwiwa. A ta ƙarshe ta tsaya. Ta dubi ƙasa. Ta leƙa cikin aji, inda yara ke zaune a sake, kowa da wurin miƙe ƙafa. Ta sake duban ƙasa. Sannan ta sunkuya ta ɗauki wani ɗan takalmin roba ruwan hoda, wanda aka ɗinke maɗaurinsa da koren zare, ɗinkin tela mai kyau. Sabuwa ta gane shi, na Ɗigo ne. A gabanta Yaya ta yi ɗinkin.

"Malama," in ji Mai Tabarau, "takalman nan sun fi ƙafafun da nake gani yawa."

"Na 'yan aji biyu ne, ranki ya daɗe," Hedimasta ya ce, ko numfashi bai ja ba. "Ƙofarsu ta yi kaɗan, sukan zubo nan."

Mai Tabarau ba ta ko waiwaye shi ba. Idonta yana kan Sabuwa, ya yi girma a bayan gilashi.

"Haka ne, Malama?"

Can ƙarshen baranda wani yaro ya yi tari a bayan ƙofa. Maigadi ya yi maza ya ɗora nasa tarin a kai, ya gyara benci da ƙara. Sabuwa ta ji duka biyun. Ta ga Hedimasta ta gefen ido, yana gyara maɓallin rigarsa. Ta tuna kujerar da ba a zama a ofis, da hanyar da mota ba ta bi in an yi ruwa. Ta ce a ranta, in aka jefa ni can, wa zai kula da Ɗigo a nan? Hujja ce mai kyau, irin wadda tsoro yake miƙo wa mutum da sauri. Takalman sun yi nasu aikin, sun kawo tambayar har gabanta. Abin da ba ta lissafa ba shi ne ita za a tambaya.

"Haka ne," ta ce.

Mai Tabarau ta daɗe riƙe da takalmin. Sannan ta sunkuya ta nemo ɗan'uwansa a cikin tsibin, ta jera su gefe guda, kai da kai.

"To," ta ce, ta shiga ta zauna a baya.

Darasi ya yi kyau. Bai taɓa yin kyau kamar na ranar ba.

Bayan 'yan makonni labari ya zo. Mai Tabarau za ta tare a wata makaranta da ke bayan kasuwa, inda aka ce wata malama ta fashe da kuka a gabanta ta ce ita ba ta san yadda ake koyar da karatu ba. A ofis aka yi ta yi wa malamar dariya. Ita kuwa wannan makaranta, ofishin ilimi ya gamsu da ita ƙwarai. Har ma an zaɓi aji uku ya zama ajin koyi. Za a riƙa kawo malamai daga wasu makarantu su zauna su ga yadda ake yi.

Hedimasta ya kira mai fenti ya rubuta a saman ƙofa da shuɗi. Ya ce wa Sabuwa, "Kin gani ko? Da kin bi ta taki, da yanzu ke ake yi wa dariya." An kuma tabbatar da ita a aiki a zangon.

Da farko sau ɗaya a mako ake kawo baƙin. Sai ya zama sau biyu. Daga baya wasu makarantun suka fara turo nasu ba tare da sanarwa ba, bas ta tsaya kawai a ƙofa. Ranar da aka kusa ritsa su, Hedimasta ya ce daga yau a riƙa rage aji uku tun da safe, a jira a gani, in ƙarfe tara ta wuce ba kowa sai a buɗe. Wani lokaci a manta sai an fita hutun cin abinci. Wani lokaci ana buɗewa a ji hon a bakin ƙofa, a sake mayar da su. Maigadi ya daina mayar da bencinsa bakin get.

Baƙin yawancinsu matasa ne irinta, sababbin fitowa daga kwaleji. Sukan jeru a bayan aji suna rubuta duk abin da ta yi, har yadda take riƙe alli. Wata rana ɗaya daga cikinsu ta tare ta a baranda, ta rage murya.

"Malama, don Allah ya kike yi da waɗanda ba sa ganewa? Ni rabin ajina ne. Na rasa inda zan sa kaina."

Sabuwa ta dubi ƙarshen baranda, inda maigadi ke gyangyaɗi.

"Haƙuri ake yi," ta ce.

Yarinyar ta gyaɗa kai, ta rubuta wannan ma.

A gida Yaya bakinta har kunne. Masu kawo ɗinki sun gaya mata ajin ƙanwarta ake zuwa kallo a mota. "Ashe na yi dabara da na kawo miki ita," ta ce tana kaɗe rigar makarantar Ɗigo. "Amma wai a ina take kwaso saƙar gizo-gizo da tsatsa haka? Kuma ta rage surutu, kin lura? Ko karatun ne ya fara shigarta?" Sabuwa ta ce ƙila. Ta tashi ta bar abincinta.

Wata safiya ofishin ilimi ya bugo waya cewa bas ɗin ta lalace, babu wanda zai zo a makon gaba ɗaya. Sabuwa ta riga kowa isa makaranta. Ta share gaban allo, ta jawo ƙaramar kujera ta ajiye kusa da teburinta. Ta yanke shawara yau za ta zaunar da Ɗigo a nan, ta rufe kalma da yatsa, su fara daga ɗan abin da ta gani, ko a ina za su cije.

Aka kaɗa ƙararrawa. Yara suka taho. Ta hango Ɗigo ta hawo matakala, ta cire takalman nan masu koren zare, ta riƙe su a hannu. Ba ta ko leƙa ajin ba. Ta wuce ƙofar, sauran 'yan'uwanta na biye da ita a jere, kowa da takalmi a hannu, ba wanda ya nuna su da yatsa.

"Ɗigo," Sabuwa ta kira. "Yau babu baƙi. Zo ki zauna."

Yarinyar ta tsaya ta juyo. Babu fushi a fuskarta, babu ma murmushin nan.

"Anti, ai nan ajin masu ganewa ne. Namu yana can."

Ta ci gaba da tafiya. Sabuwa ta bi su har ƙarshen baranda, ta tsaya a bakin ɗakin da ba ta taɓa leƙawa ba tun da aka rubuta shuɗin fenti a ƙofarta. Yaran sun jera karyayyun kujerun layi-layi, sun tokare masu ƙafa uku da bulo, sun jingina tsohon allo a gaba, ba komai a jikinsa. Kowa ya san wurinsa, yana zuwa sai ya zauna ya tura takalmi ƙarƙashi. Wurin Ɗigo yana daidai inda hasken 'yar kafar nan yake sauka.

Maigadi bai ma iso ba tukuna, bencinsa yana jingine shi kaɗai. Ɗigo ta ajiye takalmanta, ta dawo bakin ƙofa ta kama mariƙin da hannu biyu.

"Anti, ki ɗan matsa," ta ce. "Za mu rufe."